Kumfar Katales, Gudawar Salmonela da Maganin Tarin Fuka

A duk gwaje-gwajen da muke yi a ɗakin binciken ƙwayoyin cuta, babu mai araha da sauri kamar gwajin katales. Gilashi ɗaya ne da tsinke ɗaya, sai ɗigon ruwan haidirojin mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, irin wanda ake sayarwa a kemis. Ka lakato ƙwayar da ta tsiro a faranti ka goga a cikin ɗigon. In ya tashi da kumfa nan take, dangin Sitafilokokas ne a hannunka. In ya kwanta shiru, sai ka karkata wajen Sitireftokokas. Ɗaliban da ake turo mana koyon aiki sukan haddace wannan tun ranar farko, tare da sharuɗɗa biyu: kada tsinken ya taɓo jinin da ke cikin farantin, kuma kada a yi aikin da wayar ƙarfe. Abin da ke damuna shi ne da yawansu sukan gama su tafi ba tare da sun yi tambayar da ta fi komai muhimmanci ba. A ina ƙwayar cuta take gamuwa da ruwan haidirojin, har ta tanadi katales, wato inzayim (furotin mai sarrafa sinadarai) da ke fasa shi ya koma ruwa da iska?

Wani ɓangare na amsar yana cikinta ita kanta, domin duk halittar da ke numfashi da oksijin tana fitar da ɗan kaɗan na wannan sinadari, kuma dole ta share shi. Amma babban ɓangaren yana cikin jininmu. Fiye da rabin fararen ƙwayoyin jinin babban mutum nitirofil ne. Da zarar ƙaya ta soke ka ko maruru ya fara kumburi, su ne ke fara isa wurin. Nitirofil takan haɗiye ƙwayar cutar, ta kulle ta a cikin wata 'yar jaka, sannan ta harhaɗa wani inji a bangon jakar mai suna NADPH oksides. Injin nan yana zuƙar oksijin ya mai da shi sufa-oksaid, sufa-oksaid ya rikiɗe ya zama ruwan haidirojin, sai wani inzayim mai suna miyeloferoksides ya haɗa shi da sinadarin gishirin da ke jiki. Abin da ke fitowa daga wannan haɗin shi ne ainihin abin da ke aiki a cikin Hypo ko Jik da ake jiƙa fararen kaya. Wato jikinka yana sarrafa bilic da kansa, a cikin jakar da ido ba ya gani, kuma yana yin haka a kowace rana. Inzayim ɗin nan kore ne, shi ya sa mugunya da majinar mai mura sukan yi kore-kore.

An daɗe kafin a gane haka. A 1933 Baldridge da Gerard a Amurka suka lura cewa fararen ƙwayoyin jini suna zuƙar oksijin da yawa a lokacin da suke haɗiyar bakteriya, aka ɗauka ƙarfin aiki kawai suke nema. A 1959 Sbarra da Karnovsky suka zuba musu gubar sayanaid, wadda ke tsayar da numfashin da ake samun ƙarfi da shi, sai ga shi zuƙar ba ta tsaya ba. Ashe oksijin ɗin ba na abinci ba ne, na yaƙi ne. Sai a 1973 Bernard Babior ya nuna cewa sufa-oksaid ne ake ƙerawa.

Hujjar da ta fi ratsa ni ba daga gilashi ta fito ba, daga yara ta fito. Akwai wata cutar gado da aka fara bayyanawa a shekarun 1950, wadda ake haihuwar yaro injin nan nasa ba ya aiki. A Amurka takan sami kusan jariri ɗaya cikin 200,000, kuma yawancinsu maza ne. Nitirofil ɗinsu tana haɗiye ƙwayar cuta lafiya lau, amma ba ta iya ƙona ta, sai yaro ya yi ta fama da ƙuraje masu mugunya a hanta da huhu da kaluluwa. Likitoci suka lura cewa ƙwayoyin da suka fi addabar yaran nan masu katales ne, irin su Sitafilokokas da Seratiya da Nokadiya. Aka yi bayani mai daɗin ji: ƙwayar da ba ta da katales tana zubar da nata ruwan haidirojin a cikin jakar, nitirofil ta ara ta kashe ta da shi, ita kuwa mai katales ba ta barin ko ɗigo. Haka aka koya mana, kuma haka yake a littattafai da yawa har yau. Amma a 2002 masu bincike a Landan suka cire wa Sitafilokokas katales gaba ɗaya, suka sa wa ɓerayen da ke da wannan cuta, kuma ta yi musu illa kamar yadda mai katales ke yi. Ni darasin da na ɗauka a nan shi ne kumfar da muke gani a gilashi gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ce garkuwar ba.

Shi ruwan haidirojin, in shi kaɗai ne, ba shi da saurin kisa. Haɗarinsa yana zuwa ne idan ya gamu da sinadarin ƙarfe, wato ayon, wanda ke yawo a sake a cikin ƙwayar. Tun 1894 wani masanin sinadarai a Ingila, Fenton, ya bayyana wannan haɗuwa. Abin da take haifarwa yana da zafin da babu wani inzayim da ke iya tare shi, duk abin da ya taɓa ya lalata shi a take, kuma da yake ayon yakan manne wa DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gadon ƙwayar, ita ce ke fara tsinkewa. Lamarin kamar fetur ne da ashana a ɗaki ɗaya: ko ka kwashe fetur ɗin, ko ka ɓoye ashanar. Ƙwayoyin cuta duka biyun suke yi. Katales da 'yan uwansa suna kwashe ruwan haidirojin, wani furotin kuma mai suna Dps yana tattara ayon ya kulle a cikinsa, ya kuma lulluɓe DNA. Wasu sukan jawo manganis su sa a gurbin ayon. Ƙwayar Boreliya, wadda kaska ke yaɗawa a Amurka da Turai, ta kai ga kusan rabuwa da ayon baki ɗaya. Wannan ne ma dalilin hana wayar ƙarfe a gwajinmu, domin ƙarfen da kansa yana iya tayar da kumfa ya ruɗe ka.

Kuma ba a makance suke wannan aikin ba, suna jin zuwan haɗarin. A 1983 Demple da Halbrook suka nuna cewa idan aka ɗan shafa wa ƙwayar Ikolai ruwan haidirojin kaɗan, bayan ɗan lokaci takan jure adadin da da ya hallaka ta. A 1985 ɗakin binciken Bruce Ames a Kalifoniya ya gano mai gadin da ke wannan aiki a cikin Salmonela, aka sa masa suna OxyR. Furotin ne da ke zaune shiru, da zarar ruwan haidirojin ya taɓa shi sai wasu sassansa biyu masu ɗauke da farar wuta su sarƙe, siffarsa ta canza, ya buɗe umarnin ƙera katales da Dps da sauran kayan kariya. Wannan na cikin abin da ya sa ba na goyon bayan al'adar tsiyaya haidirojin a kan gyambo kullum-kullum. Kumfar da ke faranta wa mai jinya rai, yawancinta daga katales ɗin jininsa take fitowa, kuma sabon naman da ke son tsirowa yana shan ƙuna tare da ƙwayar cutar. Ruwa mai tsabta ko ruwan gishirin asibiti ya fi wa ciwo alheri.

Sitafilokokas mai ruwan zinariya tana da wata dabarar da ake gani da ido. Launin nan nata na ɗorawa da muke gani a faranti ba ado ba ne, dangin sinadarin da ke ba karas launinsa ne, kuma yana shanye zafin oksijin kafin ya ratsa bangonta. A 2005 ɗakin binciken Victor Nizet a Kalifoniya ya cire mata launin, ta koma fara, sai ta riƙa mutuwa da sauri a hannun nitirofil, ta kuma kasa yin babban maruru a fatar ɓera. Da aka gwada a jinin da injin ƙunar ba ya aiki, mai launi da marar launi suka zama ɗaya. Bari in ɗan ratse a nan, domin sunan wannan ƙwaya ya sha wahala a bakin masu tallar magani da lasifika a kasuwanni da tashoshin mota. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hancinsa, lafiyarsa ƙalau. Tana da haɗari ƙwarai in ta shiga jini ko ƙashi, amma ganinta a takardar gwaji ba ya nufin ita ce sanadin rashin haihuwa ko ciwon baya, kuma raina yana ɓaci in na ga mace ta zubar da kuɗin cefanen wata a kan wannan tsoro.

Salmonela ce ta fi ba ni mamaki. A 2009 wasu masu bincike a Faransa suka bi inzayim ɗinta masu share ruwan haidirojin ɗaya bayan ɗaya, suka sami guda biyar: katales uku da wasu biyu. In aka cire ukun nan tana rayuwa, in aka cire biyun ma haka, sai da aka kwashe duka biyar sannan ta durƙushe a cikin ɓera. To amma ba a kariya ta tsaya ba. A ɗakunan gwaji akwai wani romo da ake kira tetaratiyonet, wanda tun 1923 ake zuba bahaya a cikinsa idan ana neman Salmonela, domin ita tana yaɗuwa a ciki, sauran ƙwayoyin hanji kuwa su ja baya. Shekara da shekaru ana amfani da shi ana ɗauka dabarar ɗakin gwaji ce kawai, tunda ba a san akwai wannan sinadari a jikin mutum ba. Sai a 2010 Sebastian Winter da Andreas Bäumler a Kalifoniya suka warware zancen. Ƙwayoyin hanjinmu na gari suna fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, bangon hanji yana mai da ita tayosalfet don kada ta cutar da shi. Idan Salmonela ta tsokano kumburi, nitirofil suka yi dafifi suka saki wutarsu, wutar nan ce ke mai da tayosalfet ya zama tetaratiyonet. Salmonela kuwa tana iya numfashi da shi a inda babu oksijin, abin da yawancin maƙwabtanta ba sa iyawa. Sai ta fi su yawa, gudawa ta kwashe ta ta kai ta ga mutum na gaba. Wato da gangan take jawo faɗan, wasu daga cikinta su mutu a bangon hanji, sauran su ci ribar abin da faɗan ya bari. Tun da na karanta wannan aikin nake kallon kwalbar romon nan da wani ido daban.

'Yar uwarta mai kawo taifot ba ta bi wannan hanya ba. Ita rigar sukari take sawa mai suna Vi, wadda ke hana garkuwar jiki saurin gane ta, ta wuce hanji ba hayaniya ta shiga jini. A kan rigar nan aka gina sabuwar allurar rigakafin taifot.

Akwai wurin da wannan magana ta shafe mu kai tsaye a damina. Tun shekarun 1980 likitoci a Gambiya suka lura cewa yaran da maleriya ta ƙarar wa jini sukan kamu da Salmonela a cikin jini, irin wadda a wasu ƙasashe iyakarta gudawar kwana biyu. A 2012 Aubrey Cunnington da Eleanor Riley da abokan aikinsu suka nuna dalili. Idan maleriya ta farfasa jajayen ƙwayoyin jini, jan sinadarin da ke cikinsu yakan watsu, jiki ya tayar da wani inzayim don ya share shi. Wannan kariya ce ta gaske, amma tana da farashi: sababbin nitirofil da ke fitowa daga ɓargo a lokacin ba sa iya kunna wutarsu sosai. Suna haɗiye Salmonela, ita kuma ta mai da cikinsu ɗaki. A yaran Gambiya an ga raunin nan yana ɗaukar makonni bayan zazzaɓin ya sauka. Shi ya sa idan uwa ta dawo da yaro da zazzaɓi bayan an yi masa maganin maleriya, ba na son a tsaya a kan cewa maganin ne bai yi ba. A ɗebi jini a shuka a ɗakin gwaji, a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro.

Yanzu ga wanda ya sa na zauna rubuta duk wannan, wato tarin fuka. Ƙwayar tibi ba ta gudun haɗiya, a cikin makarofaj ma take zama, wato babbar farar ƙwayar da aka ɗora wa aikin kashe ta. Tana da bango mai kauri na kitse kamar kakin zuma, wanda shi ne ke riƙe jan launin da muke gani a madubin gwaji ko an wanke da asid. Abin mamaki, mai gadin nan OxyR a wurinta ya lalace tun da daɗewa, ba ya aiki. Kuma katales ɗinta guda ɗaya ne tak, sunansa KatG. A kansa ta dogara wajen kashe wutar makarofaj.

A 1952 aka fara ba masu tarin fuka isoniyazid, kuma har yau yana cikin ƙwayoyi huɗun da ake ba kowane sabon majinyaci kyauta a cibiyoyin tibi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu ma'aikatan lafiya, shi ne isoniyazid a yadda ake haɗiye shi ba ya kashe komai. Sai ya shiga cikin ƙwayar tibi, KatG ya kama shi ya sarrafa shi, sannan ya zama gubar da ke tsayar da ginin bangon kitsen nan. Garkuwar da take kare kanta da ita daga jikinmu ita ce ke kunna maganin da zai kashe ta. Gaba kura, baya siyaki: in ta riƙe KatG magani ya ci ta, in ta yar da shi makarofaj ya ƙona ta.

Tun 1954 Gardner Middlebrook ya lura da haka ba tare da an san sunan inzayim ɗin ba. Ƙwayoyin da suka bijire wa isoniyazid sukan rasa kumfar katales, kuma ba sa iya kashe ɓeran Masar kamar na asali. Hankalin mutane ya ɗan kwanta, aka ce ai mai bijirewa gurguwa ce, ba za ta yi nisa ba. A 1992 Ying Zhang da Stewart Cole da abokan aikinsu suka tabbatar cewa KatG ne tushen lamarin. Sai dai ƙwayar ta riga ta sami hanya ta uku. A jerin tubalan da aka gina KatG da su, in aka canza guda ɗaya kawai, na 315, ƙofar da ke kaiwa cikin inzayim ɗin takan ɗan tsuke. Ruwan haidirojin ƙarami ne, yana wucewa a fasa shi kamar kullum. Isoniyazid ya fi shi girma, shigarsa ta yi wuya. Ƙwayar ta tsira da garkuwarta, ta kuma tsira daga magani, tana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum da ƙarfinta. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙwayoyin tibi masu bijire wa isoniyazid a duniya wannan canji suke ɗauke da shi. A 2017 wani bincike da ya duba ƙwayoyi fiye da 5,000 daga nahiyoyi daban-daban ya nuna cewa galibi shi ke fara zuwa, sannan bijire wa rifamfisin, wani daga cikin magungunan tibi huɗun nan, ya biyo baya.

Lissafin da ke bayan haka mai sauƙi ne. A cikin ƙwayoyin tibi miliyan ɗaya, akan sami kamar guda da ke jure isoniyazid tun kafin ta taɓa gamuwa da shi. Na rifamfisin kuwa kamar guda ne cikin miliyan 100. Kogo ɗaya a huhun majinyaci yana iya ɗaukar ƙwayoyi miliyan 100 ko fiye. Shi ya sa ake haɗa magunguna, don wanda ya kuɓuce wa wannan ya faɗa hannun wancan. Wata biyu na farko ana shan huɗu, wata huɗu na ƙarshe kuma biyu ne kawai, isoniyazid da rifamfisin. To idan mutum ya kwaso ƙwayar da tun asali ta tsuke ƙofar KatG, a watannin nan huɗu rifamfisin ne kaɗai ke yi masa aiki, shi ɗaya a gaban miliyoyi.

Na tuna wani dattijo da ya kawo kakinsa a wata na biyar, na duba na ga jajayen sandunan ƙwayar tibi suna nan daram. Da ya zo karɓar sakamako na ce, "Baba, ko an sami ranakun da ba ku sha maganin ba?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wallahi ko ranar da aka yi mini rasuwa sai da na sha." Katinsa ma ya shaida haka. Da aka aika kakin babban ɗakin gwaji, sakamako ya dawo cewa isoniyazid ba ya taɓa ƙwayarsa. Gaskiya ne tsallake magani yana haifar da bijirewa, kuma ina faɗa wa kowa haka. Amma mu ma'aikata muna saurin ɗora wa majinyaci laifi, alhali wani lokacin da ƙwayar da ta riga ta bijire aka harbe shi a ɗakin da yake kwana ko motar da ya shiga.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, ta sauƙaƙa mana aiki ƙwarai, cikin awa biyu ta ce akwai tibi, ta kuma ce ko rifamfisin zai yi aiki. Amma gwajin da aka saba sawa a cikinta ba ya duba KatG ko kaɗan. A 2018 hukumar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 8 cikin 100 na masu tibi a duniya ƙwayarsu tana jin rifamfisin amma ba ta jin isoniyazid, ta kuma ba da shawarar a yi musu wani haɗi daban na wata shida mai ɗauke da lebofuloksasin. Ba za a ba mutum wannan haɗin ba sai an gano shi. A 2021 hukumar ta amince da sabon gwaji mai suna Xpert MTB/XDR wanda ke karanta canjin nan na 315 kai tsaye daga kaki, sai dai yana buƙatar sabuwar na'ura mai karanta launi goma, tsofaffin masu launi shida ba sa iya ɗaukarsa. Abin da nake roƙo shi ne na'urorin nan su kai cibiyoyin ƙananan hukumomi, kuma duk kakin da ya nuna tibi a duba masa isoniyazid tun kafin a miƙa wa mai shi ƙwayar farko, a fara da waɗanda suka taɓa shan magani da waɗanda ke zaune gida ɗaya da su.